Daren Ibadan: yadda Dick Tiger ya raba gardama da Gene Fullmer a 1963

Tambayi duk wani mai bin damben zamani wane babban dambe aka fara kawowa Afirka, kafin ka rufe baki zai ce maka na Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, a 1974. Ba za a ga laifinsa ba, don wancan damben duniya ta kalle shi kai tsaye, har gobe kuma ana maimaita shi a talabijin. Sai dai shekara 11 kafin Kinshasa, ranar Asabar 10 ga Agustan 1963, an kafa dandalin dambe a tsakiyar filin wasa na Liberty da ke Ibadan, garin da dattawanmu ke kira Badun, aka ajiye kambun duniya na ajin matsakaita nauyi a tsakani. Mai riƙe da kambun ɗan ƙasa ne, Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger. Mai neman ƙwacewa kuwa Ba'amurke ne, Gene Fullmer, wanda daga hannunsa Tiger ɗin ya karɓe kambun kusan wata goma kafin nan. Turmi 15 aka shirya yi. Ana gama na bakwai aka tsaya.

Ana yawan cewa wannan shi ne damben kambun duniya na farko a nahiyar Afirka, amma maganar tana buƙatar gyara. Tun a 1950 Vic Toweel ya doke Manuel Ortiz a Johannesburg ya ɗauki kambun duniya na ɗaya daga cikin azuzuwan marasa nauyi. Wancan kuwa Afirka ta Kudu ce ta zamanin wariyar launin fata, kuma Toweel farar fata ne. Abin da Ibadan ta fara shi ne baƙin ɗan Afirka ya kare kambun duniya a ƙasarsa mai 'yancin kai, a gaban jama'arsa, da kuɗin da gwamnatinsu ta tsaya a kai. A ganina wannan ya fi wancan iƙirarin nauyi, ga shi kuma gaskiya ne.

Kafin a shiga labarin, sai an ɗan warware yadda damben Turawa yake tafiya, don ya sha bamban da namu na gargajiya. A fagen dambenmu, tun asali ba ruwan kowa da sikeli: in ka ga za ka iya da mutum, ka ɗaura hannu ka fito. Kuma hukunci a bayyane yake, ko dai an yi kisa ko a raba babu kisa. A damben zamani sai an auna kowa kafin ya hau dandali. Ajin matsakaita nauyi iyakarsa laba 160 ne, wato kilo 72 da rabi da 'yar ɗoriya. Masana dambe suna girmama wannan aji fiye da yawancin sauran, saboda 'yan cikinsa suna da nauyin da naushinsu zai kayar da mutum, ba su kuma yi nauyin da zai hana su sauri ba. A lokacin, damben kambu turmi 15 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Idan babu wanda ya faɗi har ƙarshe, sai a koma kan makin da alƙalai suka rubuta turmi bayan turmi. In maki ya zo daidai an yi canjaras, mai kambu ya koma gida da abinsa. A riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe, ita ce ta haifi damben Ibadan.

Sarauta ɗaya, sarakuna biyu

A farkon shekarun 1960 babu amsa guda ga tambayar wane ne zakaran duniya a wannan aji. Matsalar daga Sugar Ray Robinson ta samo asali. A 1959 Robinson yana riƙe da kambun amma ya daɗe bai kare shi ba, sai ƙungiyar dambe ta Amurka, NBA, ta tuɓe shi, ta haɗa Fullmer da Carmen Basilio a San Francisco su nemi gurbin. Fullmer ya tsayar da Basilio a turmi na 14. Amma hukumar dambe ta New York da ta Massachusetts da hukumomin Turai ba su yarda da tuɓewar ba. A wurinsu kambu a dandali ake karɓarsa, ba a ofis ba. Da Paul Pender ya doke Robinson a Boston a Janairun 1960, sai suka ce Pender ne zakara. Haka aka wayi gari da sarakuna biyu a gari ɗaya, kowa da fadawansa, kuma sun ƙi haɗuwa.

A 1962 NBA ta sauya suna ta koma WBA. A Fabrairun 1963 aka kafa wata sabuwar ƙungiya a birnin Mexico, WBC. A watan Mayu na shekarar Pender ya ajiye safar dambe. Saboda haka da aka iso Agusta, duk wanda ya fita daga dandalin Ibadan da nasara ba shi da abokin takara a sarautar. Wanda ya saba da damben yau, inda aji ɗaya kan yi zakaru huɗu ko fiye kowa da ɗamararsa, zai gane cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fullmer mutumin West Jordan ne a jihar Utah, mabiyin ɗariƙar Mormon, ya yi aiki a kamfanin haƙar jan ƙarfe, daga baya ya koma kiwon wasu ƙananan dabbobi da ake sayar da fatarsu. Ba a taɓa yabonsa da iya salo ba. Dambensa na ƙarfi ne da juriya: ya sunkuya, ya giciye hannuwa a gaban fuska, ya tura abokin karawa da kafaɗa har igiya, ya yi ta jibgarsa a haƙarƙari da wuya da duk inda hannu ya samu, kai ma ba ya barinsa a baya. Da wannan ya ƙwace kambu a hannun Robinson a Janairun 1957. Wata huɗu bayan haka Robinson ya rama a Chicago da naushin hagu ɗaya tak a turmi na biyar, naushin da har yau ake nuna wa masu koyo. Sun sake haɗuwa sau biyu, ɗaya canjaras, ɗaya Fullmer ya ci. Mutumin da ya kara da Robinson sau huɗu ya ci biyu, ba a yi masa kallon kanwar lasa. A Disambar 1961 ya yi wa Benny Paret dukan kawo wuƙa a Las Vegas har ya kayar da shi a turmi na goma. Wata uku da 'yan kwanaki bayan nan Paret ya hau dandali da Emile Griffith, aka fitar da shi a sume, bai farfaɗo ba har ya rasu. Da yawa daga masu sharhi sun ce dukan Fullmer ne bai gama sakinsa ba.

Hanyar Tiger ta fi tsawo, ta fi ƙaya. An haife shi a Amaigbo, cikin jihar Imo ta yanzu, ranar 14 ga Agustan 1929. A Aba ya tashi yana fafutukar kasuwa, har da tara kwalabe yana sayarwa, a nan kuma ya fara dambe. A 1955 ya tafi Liverpool, garin da Hogan Bassey ɗan Kalaba ya riga shi sauka. Bassey shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya, lokacin da ya tsayar da Cherif Hamia a Paris a 1957. Shi kuwa Tiger da ƙafar hagu ya shiga Ingila, dambensa huɗu na farko duk an cinye shi. Ga sanyi, ga baƙon abinci, ga aikin masana'anta da rana. Masu shirya dambe suka ɗauke shi irin wanda ake kawowa don sabon tauraro ya gwada hannu a kansa. Da wannan niyyar aka haɗa shi da Terry Downes a Landan a 1957, sai reshe ya juye da mujiya, Tiger ya lallasa yaron da ake ji da shi har aka tsayar da damben. A 1958 ya kayar da Pat McAteer a Liverpool ya zama zakaran ƙasashen daular Birtaniya. A 1959 ya ƙetare zuwa Amurka, ya koma hannun manaja Jersey Jones da mai horarwa Jimmy August.

Wani abin takaici a nan: Downes ɗin da ya lallasa ya riga shi ɗaukar kambun duniya, don ya doke Pender a Landan a 1961. Shi Tiger sai da ya cika shekara 33 kafin a ba shi damarsa ta farko. Dambe kasuwa ce kafin ya zama wasa, kuma wanda ba shi da garin da zai cika masa fili da 'yan kallo, ga shi da hatsarin karawa, kowane manaja kauce masa yake yi.

Karo biyu na farko

Ranar 23 ga Oktoban 1962 suka haɗu a filin Candlestick Park na San Francisco. Fullmer ya shigo da abin da ya saba, turi da kafaɗa. A nan ya taras da gaba da gabanta. Tiger ba dogo ba ne, amma ƙafafunsa kamar an dasa su, ƙirjinsa da cinyoyinsa na mai ɗaukar kaya. In an tura shi ba ya motsi, in an matso shi kuwa an kawo masa abinci har gida, don naushinsa gajere ne, daga kusa yake fita, musamman lanƙwasasshen na hagu. Duk dabarar Fullmer a kan abu ɗaya ta dogara, cewa ya fi kowa ƙarfi a ajin. Ranar ya gamu da wanda ya fi shi. An kai turmi 15, fuskarsa ta farfashe, alƙalai duka suka ba Tiger. Najeriya ta samu zakaran duniya na biyu cikin shekara biyar, mujallar dambe ta The Ring kuma ta zaɓi Tiger gwarzon shekarar 1962.

A wancan zamani kusan kowane zakara kan sa sharaɗin ramuwa a yarjejeniya kafin ya yarda ya kare kambunsa. Aka sake haɗuwa a Las Vegas ranar 23 ga Fabrairun 1963, kuma wannan karon, ko da yake shi ne mafi ƙarancin armashi cikin ukun, shi ne ya fi koyar da mai nazari. Fullmer ya ajiye halinsa na shekara da shekaru. Ya ƙi tsayawa. Ya riƙa zagaya dandali, ya taɓa ya ja baya, ya taɓa ya riƙe. Sai ga shi aibin Tiger ya fito fili: gwani ne wajen mayar da martani, amma ba gwanin farauta ba ne. Yana son a kawo masa faɗa. In aka guje shi sai ya yi ta bi a hankali, yana jiran a tsaya, turmi yana wucewa. Alƙalai suka rarrabu, aka tashi canjaras. Tiger ya tsira da kambunsa da ƙyar, bisa ƙa'idar nan da aka ambata, amma ba da mutuncin da yake so ba. Mutanen Fullmer suka ce an gano lagonsa, mutanen Tiger suka ce wanda ya zo karɓar sarauta ba ya zuwa da gudu. Ba abin da zai kashe wannan musu sai karo na uku.

Me ya kawo shi Ibadan?

Tambayar da ta fi wuya ke nan, don ta fuskar kasuwa ba shi da dalili. A Amurka kuɗin dambe daga talabijin yake fitowa da kuma gidajen kallo da ake haska wasa kai tsaye. Daga Ibadan a 1963 babu hanyar aika hoto kai tsaye zuwa ƙetare. Kuɗin ƙofa kaɗai ba zai biya zakaran duniya da tsohon zakara ba a ƙasar da albashin leburanta bai taka kara ya karya ba. Fullmer kuma ba zai bar Utah ya zo ramin damisa don Allah da Annabi ba, sai an ajiye masa tabbacin kuɗinsa. Giɓin nan gwamnati ce ta cike shi. Ministan ƙwadago na tarayya wanda harkar wasanni ke ƙarƙashinsa, Cif J. M. Johnson, shi ya ɗauki maganar a ka, aka kuma ɗauko Jack Solomons, babban mai shirya dambe na Landan, ya tsara abin. Wato irin abin da shugaban Zaire, Mobutu, ya yi a Kinshasa daga baya, inda aka yi wa Ali da Foreman alkawarin dala miliyan biyar kowannensu, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta riga shi gwadawa, sai dai da ƙaramin ludayi.

Me gwamnati ke nema? Na farko suna. Ƙasar ba ta cika shekara uku da samun 'yanci ba, tana shirin zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoban shekarar, tana kuma son nuna wa duniya cewa za ta iya karɓar baƙi ta shirya babban taro ba tare da Bature ya riƙe mata hannu ba. Akwai kuma tsohon ciwo da duk mai bin tarihin dambe ya sani. Ɗan Afirka na farko da ya ci kambun duniya, Battling Siki na Senegal, a Paris ya ci shi a 1922, ya je Dublin ya kare shi da ɗan ƙasar Ireland a ranar babban bikinsu, ya baro shi can. Bassey ma duk damben kambunsa a ƙasashen mutane ya yi. Zakaran Afirka kullum baƙo ne, alƙalai na wasu, 'yan kallo na wasu. Wannan karon aka ce a juya tabarmar.

Dalili na biyu na cikin gida ne, shi ne kuma ya sa zaɓen Ibadan yake da ban mamaki. Ta fuskar kayan aiki babu gardama: filin Liberty, wanda aka buɗe a 1960, shi ne na zamani a ƙasar, ɗaya daga cikin ayyukan da gwamnatin Jihar Yamma ta yi da arzikin koko, kamar gidan talabijin na Ibadan da ya fara aiki a 1959. Amma ta fuskar siyasa, Ibadan a lokacin tukunya ce a kan wuta. A 1962 jam'iyyar Action Group ta dare biyu tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Cif Ladoke Akintola, aka yi jifa da kujeru a majalisar jihar, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma. A farkon 1963 Akintola ya koma kujerar Firimiya. Shi kuwa Awolowo, wanda a zamanin mulkinsa aka ƙudura gina filin, a daren damben yana tsare ana yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, wata guda bayan haka aka yanke masa ɗaurin shekara goma. A jajibirin damben ma, ranar 9 ga Agusta, aka yanke wani yanki daga Jihar Yamma aka kafa Jihar Tsakiyar Yamma. Ga rigimar ƙidayar 1962 da aka soke, ana jiran a sake wata. Cikin wannan hali aka kawo ɗan Ibo daga Gabas ya kare kambu a babban birnin Yarabawa, ƙarƙashin gwamnatin da ɗan Arewa ke jagoranta, da mutumin Gabas, Dakta Nnamdi Azikiwe, a kujerar Gwamna Janar. Ko an shirya shi da wannan niyya ko ba a shirya ba, hoton ya yi wa masu mulki daɗi: abu guda da ɗan Kano da ɗan Inugu da ɗan Ikko za su kasa kunne a rediyo suna fatan sakamako iri ɗaya.

Turmi bakwai

Damben kansa bai yi tsawon gardamar da ta haife shi ba. Tiger ya koyi darasin Las Vegas. Bai tsaya jiran a kawo masa ba, tun ƙararrawar farko ya afka, ya riƙa tare hanya maimakon bin sawu. Bambancin biyun shi ne asirin daren. Mai bin sawu yana tafiya inda abokin karawa ya baro, kullum yana baya da taki ɗaya. Mai tare hanya kuwa gefe yake takawa, ya rage faɗin dandali har abokin karawa ya ji igiya a bayansa. Da Fullmer ya rasa filin zagaye, sai ya koma gidan jiya, ya sunkuya ya giciye hannu, wanda shi ne damben da ya riga ya faɗi a San Francisco. Tiger ya yi ta aika gajerun naushi ta ƙarƙashin garkuwar da gefenta. Fuska ta tsage, jini ya sauko, ido ya fara rufewa. Fullmer bai faɗi ba, don shi ba mai faɗuwa ba ne: a duk rayuwarsa ta dambe Robinson ne kaɗai ya taɓa shimfiɗe shi har aka ƙirga goma. Amma tsayuwar ba ta da amfani, turmi bayan turmi hannu ɗaya ke magana. Da aka kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi na bakwai, manajansa Marv Jenson, wanda ya rene shi tun yana yaro a West Jordan, ya ce ya isa haka.

A ma'aunin dambenmu na gargajiya sai a ce ai ba a yi kisa ba, tunda gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba. A damben zamani kuwa wannan nasara ce cikakkiya, wasu ma sun fi ganin girmanta a kan naushi ɗaya na sa'a, don tana nufin an rinjayi mutum har masu kula da shi sun sallama. Ni kuma ina ganin Jenson ya cancanci yabo a nan. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da rasuwar Paret, kuma a watan Maris na 1963 ɗin Davey Moore, wanda ya karɓe kambu a hannun Hogan Bassey, ya rasu bayan dambensa da Sugar Ramos a Los Angeles. Ana ta kiraye-kirayen a haramta dambe gaba ɗaya. Jarumi irin Fullmer ba zai taɓa cewa ya gaji da bakinsa ba, da an bar shi sai ya kai turmi 15 ko a ɗauke shi a makara. Bai sake hawa dandali ba bayan Ibadan. Ya koma Utah, ya rayu har 2015, ya rasu yana da shekara 83.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: Tiger ne babba a shekaru. Saura kwana huɗu ya cika 34, Fullmer kuwa 32 gare shi. Amma shekarun ɗan dambe ba da kalanda ake ƙirga su ba, da dukan da ya sha ake ƙirgawa. Salon Fullmer na karɓar biyu don ya ba da uku ya cinye jikinsa da wuri, karo huɗu da Robinson da biyu da Basilio ba wasa ba ne.

To shin Ibadan ta tabbatar da cewa Las Vegas kuskure ce? A'a. Ta dai tabbatar da cewa Fullmer ba shi da ƙafar da zai yi wa Tiger wancan dambe sau biyu. Lagon yana nan. Wata huɗu kacal bayan haka, ranar 7 ga Disambar 1963 a Atlantic City, Joey Giardello, tsohon hannu wanda ya riga ya kara da Tiger sau biyu a 1959 kowa ya ci ɗaya, ya yi abin da Fullmer ya gwada, amma da ƙwarewar wanda aikinsa ke nan. Ya zagaya, ya soka hagu, ya kauce, har turmi 15, ya tafi da kambun. Tiger ya yi kusan shekara biyu yana bin Giardello da roƙon ramuwa, a tsakani ya lallasa Rubin Carter, kafin ya karɓo abinsa a Madison Square Garden a Oktoban 1965. A Afrilun 1966 Emile Griffith, wani mai saurin ƙafa, ya sake raba shi da shi. Duk wanda ya tsaya gaba da gaba da Tiger ya sha wuya, wanda ya iya rawa kuwa yakan tsira. Maimakon ya yi ritaya yana da shekara 37, sai ya haura aji na gaba, mai iyakar laba 175, ya doke José Torres a Disambar 1966 ya zama zakaran duniya a aji na biyu, duk da cewa kusan kowa a ajin ya fi shi tsawo da nauyi. Ya riƙe wannan har Mayun 1968, lokacin da dogon nan Bob Foster ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu.

Ita kuwa ƙasar da ta taru a bayansa a daren Ibadan, ba ta kai shekara uku ba ta fara warwarewa. A juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, da Sardauna Ahmadu Bello, da Akintola mai masaukin baƙin damben. Aka yi juyin mulki na biyu a watan Yuli, aka yi kashe-kashen 'yan Ibo a garuruwan Arewa, a ƙarshen Mayun 1967 Gabas ta ɓalle da sunan Biyafara. Tiger bai ɓoye ɓangarensa ba. Ya bi Biyafara, aka ba shi muƙamin laftana a rundunarta, ya riƙa hawa dandali a New York ana gabatar da shi a matsayin ɗan Biyafara, yana kuma zuba kuɗin dambensa a can. Lambar girmamawa ta MBE da Sarauniyar Ingila ta ba shi a 1963, shekarar Ibadan, ya mayar wa Birtaniya da ita a 1969 don nuna fushinsa da goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Mutumin da aka yi wa kirari da gwarzon Najeriya ya koma wanda hukuma ke yi wa kallon ɗan tawaye. An san shi da tsimi da tattali, ya zuba abin da ya tara a gidaje da kadarori a gida, yaƙi ya lashe mafi yawansu.

Dambensa na ƙarshe a Yulin 1970 ne, Griffith ya sake cinye shi da maki, yana dab da cika shekara 41. Daga nan ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York, a can ciwo ya kama shi, likitoci suka ce sankarar hanta ce. Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairun 1970, gwamnatin Janar Gowon ta bar shi ya dawo gida. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disambar 1971, yana da shekara 42. A 1991 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarazan dambe na duniya da ke Canastota a jihar New York, a rukuni ɗaya da Gene Fullmer. Filin Liberty kuma a 2010 aka sauya masa suna, aka sa masa na Obafemi Awolowo.